Maɓallin da Inna ta so ɗinke mini

Jiya da la'asar na fito daga ɗaki da gudu, na tarar da Inna tana tsince dabino a tsakar gida.

"Inna, maɓallin nan ya gyaru!"

Ta dubi gaban rigata. "Wanne ya cire? Da ka kawo mini ai da tuni na ɗinke maka."

Ni kuwa maɓallin shafin yanar gizo nake nufi. Na yi wa masu aiko dabino daga Bilma shafi. Da yake yawancinsu ba su yi boko ba, sai na ƙara wa maɓallin murya: kana taɓa shi zai faɗa maka aikinsa da Hausa. A navigateur ɗin da nake buɗe shafin da shi, wato manhajar shiga yanar gizo, maɓallin yana magana. A na wayar Kawu Mamman kuwa, ɗaya daga cikin masu aiko dabinon, shiru, har ya ce zai koma aiko saƙo ta bakin masu mota.

Mako uku ina fama, ban samu ko mutum ɗaya a unguwarmu ta Dagmanet da zan tambaya ba. Daga ƙarshe na sake gina shi yadda kowane navigateur zai gane.

Na buɗe baki zan yi mata bayani, na rasa ta inda zan fara. Sai na zauna na taya ta tsinta.

"To, Allah ya yi albarka," ta ce.

Na ji daɗin addu'ar. Amma murnar da babu wanda ya san dalilinta tana da nauyi. Akwai mai irin wannan aiki a Agadez? Ka yi magana a ƙasan wannan rubutu, shayi a wuyana.