Kwanon Atikatu da tsuntsayen Baba Seidu

Shekara talatin Baba Seidu yana gyaran keke a Bawku, kuma kullum akwai kaskon ruwa da ɗan gero a gindin dogon yaron da ke ƙofar shagonsa. Da matarsa Asiatu ta rasu, sai ya yi niyyar ladan ciyar da tsuntsayen ya riƙa zuwa gare ta. Kurciya da marai sun san shi har sukan sauka kusa da ƙafarsa.

A 1987 gwiwa ta hana shi aiki, ɗansa Wahabu ya ɗauko shi zuwa Yendi. Washegari tsoho ya ce a samo masa kasko.

Atikatu, matar Wahabu, ta ji abin ya yi mata nauyi. Surukinta guda, a miƙa masa fasasshiyar tukunya? Ta ciro kwano mafi kyau cikin kayan aurenta, mai zurfi, mai ƙyalli, ta goge shi da toka, ta girke a tsakar gida. Kunya ba ta bari su yi magana ido da ido, don haka ba wanda ya tambayi wani.

Kwana goma ko tsuntsu ɗaya bai sauka ba. Wane tsuntsu zai taka bakin kwano mai santsi, ga hasken rana yana kashe masa ido? Amma Baba Seidu bai zargi kwano ba. Ya canza gero da dawa. Ya yi fito. Har ya yi tunanin ko tsuntsayen Yendi Dagbanci, yaren garin, kawai suke ji. Daga ƙarshe tsoro ya kama shi sosai: ko sadakar ce aka daina karɓa, Asiatu tana can ba abin da ke isa gare ta.

Sai kuma abin ya ƙara rikicewa. In ya dawo daga sallar azahar, ya tarar gero ya ƙare ƙaf, ruwa ya ragu.

"Baba, ka gani, tsuntsu ya ci duka," in ji Wahabu.

"Tsuntsun da ba ya kuka, ba ya kashi, ba ya barin gashi? Wannan wane iri ne?"

Wata rana ya manta carbinsa, ya juyo daga hanya. Daga zaure ya hango Atikatu tana kwashe geron, tana waige-waige. Ya bi ta a ɓoye, ta nufi can bayan ɗakuna, ta watsa shi wajen da ruwan wanke-wanke ke kwanciya. Nan take wurin ya cika da kurciyoyi da ƴan tsuntsaye jajaye, ana ta wawa. Tsoho ya tsaya, hawaye ya zubo masa, bai san na murna ba ne ko na takaici.

Bai tona ta ba. Shekara huɗu yana zuba gero a kwano, ya fita kamar zai tafi masallaci, ya laɓe bayan katanga yana kallo, sannan ya bi jam'i a makare.

Abu ɗaya ne ya ci gaba da damunsa, har ya kai wa liman. Gero nasa, niyya tasa, amma hannun yarinya ne ke ciyarwa. Ladan na wa ke nan? Liman ya sosa gemu, ya ce zai duba.

"Kar ka duba, Malam," in ji Baba Seidu. "In ma rabawa za a yi, Asiatu ba za ta ji haushi ba. Da ta ga yarinyar nan, da ta ba ta duka."