Cajin Bayan Rumfa

Ni mai facin taya ne a Takur, cikin Dutse. Na daɗe a bakin titi, karatuna kuwa bai wuce in gane lambar taya ba.

Bara da damina ƙanwata ta turo mini ɗanta daga Taura, yaro ɗan shekara sha shida. Motar da suka shiga shi da babansa za su kasuwar Kafin Hausa ce tayarta ta fashe, ta wuntsila. Shi ya fito da ƙafarsa, uban a tabarma aka kawo shi gida. Tun daga ranar ya bar makaranta, magana ma sai an matsa. Ta ce, "Yaya, ka riƙe shi ya koyi sana'a, ko zai sake." Duk danginmu ba wanda ya tsaya ya yi tunanin inda ake kai yaron.

Ba ya yarda ya kusanci injin ba da iska. Amma faci? Kafin in ciro tub ya miƙo hannu. "Kawu, kawo in shafa sholisho." Na ce Allah ya ba ni magaji. Sai dai gwangwanin sholishon ya riƙa ƙarewa da wuri. Na ɗora wa zafin Dutse laifi. Daga baya na je na yi wa mai sayar mini tas, na ce sun fara zuba mana rabi.

Mai shayin da ke gefena ya kira ni wata safiya, ya rage murya.

"Mai faci, ɗan naka fa caji yake yi a bayan rumfa."

"Da wutarka yake yi?" na ce. "Ni ma a can nake jona wayata."

"Kullum fa a cake yake."

"To madalla. Gara haka da uwarsa ta kira ta ji a kashe."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya koma ya ci gaba da fifita gawayinsa.

Ran nan da hantsi na tarar da yaron durƙushe gaban tarin tsofaffin tayoyi yana gaishe su, har da tambayar mutanen gida. Ina cikin mamakin wannan ladabi, na jona wa wata tayar tifa iska, sai ga uwar yarinyar da ke kawo mana awara, mayafi a kafaɗa.

"Kai ne uban ɗan sholishon nan?"

"Hajiya, a hankali. Ɗan faci dai."

"Ɗan sholisho na ce! Kullum sai ya ja mini 'ya kangon bayan makaranta, wai zai saya mata jirgi. Laluba aljihunsa!"

Na laluba. Tsumma ne, ya yi tauri, warinsa kaɗai ya isa ya sa jaki rawa. Mai shayi ya ɗago daga rumfarsa ya ce, "Ga cazar nan."

Na yanko tub zan zane shi. Na manta da tayar tifa. Ta fashe, ƙarar har cikin haƙorana. Ni na faɗa kan bokitin ruwa, Hajiya ta yar da takalmi ɗaya. Da muka dawo hayyacinmu ba yaro. Can ƙarƙashin benci muka same shi ya dunƙule, hannu biyu a ka, wandonsa a jiƙe, yana ta kiran babansa. Matar da ta zo cin mutuncinmu ita ta zauna a ƙasa tana yi masa fifita da mayafinta.

Da ya lafa ya ce, "Kawu, in na shaƙa ne kaɗai ƙarar take fita daga kaina."

Na kai shi asibiti. Likita ya saurari labarin hatsarin, ya tambaye ni sana'ata. Na ce faci. Ya cire tabarau ya goge fuska. Aka gwada jinin yaron, ita ma yarinyar uwarta ta kai ta, Allah ya rufa asiri. Likita ya ce in zaunar da shi in yi masa maganar mata. Na zaunar da shi, na yi ta gyaran murya har shayinmu ya huce. A ƙarshe na ce, "Kangon nan akwai macizai." Ya ce, "Na gane, Kawu."

Yanzu yana wajen wani tela a cikin unguwa, nesa da titi, yana kuma komawa ganin likita. Bai warke sarai ba, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ya zabura. Sau ɗaya ya zo rumfata yana zazzare ido yana neman sholisho, tun daga nan na mayar da gwangwanin aljihun wandona. Rana ta buga shi ya tsiyaye, aljihu ya manne da cinyata. Yaron aka kira da almakashi. Yana yanka yana dariya har da hawaye, ban taɓa jin dariyarsa ba sai ranar. Ya ɗinka mini sabon aljihu mai zif. A karkace yake, hannuna ba ya shiga sai na juya kafaɗa, amma wandon nake sawa.