Kwalin da Na Kai Abuja

Mun tashi da asuba, amma ba mu bar Maradun ba sai da rana ta ɗaga, domin yanzu babu direban da ke son motarsa ta zama ta farko a kan hanya. Kowa yana goge gilashi, yana jiran wani ya fara. Abuja na nufa, zan rubuta jarrabawar da jami'o'in ƙasar waje ke nema kafin su ɗauki mutum digiri na biyu. Wata jami'a ta yarda ta ɗauki nauyin karatuna a fannin noman rani, saura in tura mata sakamako kafin ta rufe karɓa, kuma wannan zaman ne na ƙarshe da zai riski wa'adin.

Masu tambayata wace irin jarrabawa ce, ga ta. A kwamfuta ake yin ta, kashi uku: insha'i, Turanci da lissafi. Lissafin bai wuce na sakandare ba, sai dai an cika shi da tarko. Turancin kuwa wasu kalmomi ne da nake jin ko Baturen sai ya sosa ƙeya. Abin haushin, in ka yi ƙoƙari a zagayen farko sai ta ƙara maka wuya a na biyu, kamar mai gonar da ya ga ɗan ƙwadago yana da sauri ya ƙara masa kunyoyi. Ana iya yin ta a gida, in akwai wutar da ba ta ɗaukewa da sabis ɗin da ba ya yankewa. Mu ba mu da ko ɗaya.

Tafiya a wajenmu shiri gare ta. Tsohuwar riga na sa da silifas, na bar babbar waya da katin makarantar da nake koyarwa, na ɗauki 'yar ƙarama mai tocila. In 'yan bindiga suka tare mota, gara su ga manomi da su ga ɗan boko. Fasfo ne kaɗai ba yadda zan yi da shi, don ba a shiga ɗakin jarrabawar sai da shi. Na ba Inna, mahaifiyata, ta ɗinke mini shi a cikin shafin jaka, yadda ake yi wa duk abu mai daraja.

A Talata Mafara wani abokina ya same ni daga Bakura, shi ma Abujan za shi wurin yayansa. Muka ci waina a tasha, wadda ta ƙanƙance ta kuma ƙara kuɗi. Kuɗin mota ma haka, direba ya ce mai ya hau, farashin ransa ma ya hau. Daga nan gero da dawa suka rufe hanya hagu da dama, sun fi mutum tsawo. A da in na ga damina irin wannan murna nake yi. Yanzu kowa kallon gonakin yake yi yana motsa baki da addu'a, har muka wuce Maru ba wanda ya yi hira.

A Gusau muka sake mota. Tsakanin Tsafe da Funtuwa shingayen jami'an tsaro sun fi rumfunan masu shayi yawa. Ni dai ina rungume da jaka, ina bitar kalmomi a zuci, lokaci lokaci in shafa shafin in ji taurin fasfona, hankalina ya kwanta. Abokina ya yi ta yi mini tsiya, wai ko jariri ba a riƙe shi haka. Muka kwana a Kaduna, washegari muka shiga Abuja, inda kuɗin tasi ya sa na gwammace in taka da ƙafa.

Ranar jarrabawa na isa da wuri. Bene ne mai sanyi, ga matasa tsaf da su a layi, ni kuma da silifas. Matar da ke tantancewa ta ce kowa ya fito da fasfo. Na koma gefe, na zaro reza na farke ɗinkin. Abin da ya faɗo hannuna kwalin sukari ne, an yanka shi daidai girman fasfo, an ninka, an naɗe a leda.

Na zazzage jakar har ƙasa. Na roƙi matar, na nuna mata takardar rajista, na ce za a turo hoton fasfon daga gida. Ba ta wulaƙanta ni ba, har ruwa ta ba ni, amma ta ce sai ainihinsa. Na kira ƙanwata, sabis ya ɗauke a Maradun. Ko da ya shiga ma, wa zai kawo shi kafin a rufe ƙofa? Na zauna a kan dakali ina kallon mutane suna shiga ɗaya bayan ɗaya. Wallahi na yi kuka, ban ma ɓoye fuska ba. Kuɗin rajistar, wanda na sayar da bijimina na biya, ba a mayarwa.

Dawowa ban san abin da na ci ba, ban kuma ji tsoron gonakin ba. Duk hanya ina shirya maganar da zan faɗa wa Inna. Na same ta tana tankaɗe a tsakar gida. Ta amsa gaisuwata har ƙarshe, sannan ta shiga ɗaki ta ɗauko fasfon daga cikin kwallarta ta miƙo mini.

“Ni na aje shi,” in ji ta. “Ɗan maƙwabtanmu da anka kama da katin aiki kaɗai, sai da ubanai ya saida gona da shanu. Kai in sun gan ka da takardar hita waje, mi za ni saidawa? Na ɗauka can in sun ga hannunka ga karatu za su bar ka ka shiga.”

Na karɓi fasfon na sa a aljihu. Abin da tafiyar nan ta koya mini ke nan: na san jarrabawar ciki da waje, amma masu tsara ta ba su san hanyarmu ba, Inna kuma ba ta san ƙa'idarsu ba, kuma har yau na kasa cewa ga wanda ya yi kuskure. Jami'ar ta rufe karɓa. Na koma aji ina koyar da yara.

Jiya Inna ta tambaye ni ko baɗi zan sake gwadawa. Na ce mata ban sani ba. Ta ce alhamdu lillahi.