Kumfar Gwaggo Hajo da Motar da Ba Ta Tashi

Duk wanda ya taɓa kwana gidanmu na Tasawa ya san abin da Gwaggo Hajo take yi da hantsi. Sai ta nufi gindin katanga, inda tsohuwar motar marigayi mijinta, Mushe Idi (Mushe muke ce wa malamin boko), take zaune bisa duwatsu ba taya, ta ɗora tafin hannu kan rufinta. In ƙarfen ya ƙona ta, sai ta ce, "Madalla, tandata ta kama. Ku nemo mini ƙwai."

Wallahi ba wasa nake ba, motar nan ita ce tandarta. Lokacin da Mushe yana koyarwa a Yamai wata madam ta koya mata kayan zaƙin da ake yi da farin ƙwai da sukari. Ita marang take cewa, mu kuwa kumfar Gwaggo. Wai ba ta son wuta, zafi mai haƙuri take so. Sai ta jera ta a faranti, ta sa cikin mota, ta rufe gilasai, ranar bazara ta ƙarasa aikin ko da za a kai gobe.

Da maburgi take bugawa, cikin ƙwaryar da ba ta taɓa ganin mai ba. In tana son ta san ko ta bugu, sai ta kife ƙwaryar bisa kan mutum. Ni ɗan ƙaninta ne, na sha wannan gwaji.

"Habu, taho nan."

"Haba Gwaggo, hular sallata ce fa!"

"Shi ya sa. Mai tsohuwar hula ko ta zubo mashi ba ya faɗi."

Sau ɗaya ta taɓa zubowa, a kan Malam Sale mai gyaran rediyo da ya shigo gaisuwa. Gwaggo ta dube shi fari fat har gira, ta ce man kansa ne ya jawo ta.

In salla ta matso, sai ta tara mu tsakar gida kamar farfe, shugaban gunduma, ya kira taro. "Rabi, waina da miyar taushe. Amarya, shinkafa, kuma kada ki yi mamu kunu irin na bara. Habu, kai ka soya nama, kana yi kana fito, in ji bakinka ba komi ciki." Gwaiduwar ƙwai kuwa ba ta yar da ko ɗaya. A waina gwaiduwa, a miya gwaiduwa, sai da muka fara gudun kaji.

Ita ke tsara kwanukan maƙwabta, kowanne da kumfa a sama. Tsohon ladan ya fi kowa samu, don ba shi da haƙori, ita kuwa narkewa take. Wata shekara maƙwabciyarmu Hajiya Ladi ta ɗanɗana ta ce, "Yo wannan ai iska ce da sukari." Da salla ta zagayo Gwaggo ta ba ni kwano a rufe in kai mata, ba nauyi.

"Gwaggo, ba komi ciki."

"Ka ce mata ga iskar nan, ta sa sukarinta."

Rigimar gidan dai ɗaya ce: Laminu, ɗanta na fari mai aiki a Mayahi, ya ƙi jinin motar. Wai ta cinye fili, ga tsatsa, ga ƙadangaru. Har mai sayen ƙarfe ya samo daga Gidan Amumune. Don ya rufe mata baki sai ya sayo mata tanda mai gas, sabuwa fil. Da ya dawo ya tarar da ita a buɗe, an shimfiɗa ƙaiƙayi ciki, kaza na kwance.

"Inna, mi ke nan?"

"Allah shi yi ma albarka, ɗana. Tunda ka kawo ta ban sake sayen ƙwai ba."

To, ita salla ba ta zama wuri guda. Tana ja baya har Layya ta faɗo cikin damina. Hadari ya rufe rana, Gwaggo ta taɓa mota ta ji sanyi. Laminu ya samu ƙofa. Ya ce in kumfa ba ta bushe ba bana, mota ta tafi. Ta ce ta yarda.

Ba ta bushe ba. Ta yi danƙo, tana ɗiga kamar zuma. Gwaggo ta kwashe ta, ta dama da kindirmo, ta raba wa kowa da cokali. "Wa ya ce ta ƙi? Bana ta sha ce." Mun yi dariya, amma Laminu bai yi ba, ya ce alkawari alkawari ne.

Da la'asar muka neme ta, ni da shi. Muka same ta cikin motar, a kujerar mai zaman banza, faranti wayam bisa kujerar direba. Ashe nan take zama duk ranar da ake jiran kumfa, mu muna zaton gadin tururuwa take yi.

Ta ce, "Nan nike zama in za mu Mayahi. Ubanka yana tuƙi yana yi mini surutu, ni ina barci. Shi ke fara ɗanɗanawa, shi ya sa nike ajiye farantin wajensa. In ka sayar, Laminu, ina zan zauna?"

Ban taɓa jin tausayin mutum irin na ranar ba. Laminu ya juya ya tafi wai zai duba rago, alhali tun safe aka yanka shi.

Bayan rasuwarta mai ƙarfen ya zo ta'aziyya, yana addu'a yana satar kallon gindin katanga. Laminu ya raka shi har ƙofa, ya ce, "Ba ta sayarwa ba ce, tandar gidan ce." Ya dawo ya ɗora hannu kan rufin, ya janye da sauri, ya ce wa matarsa ta nemo ƙwai.

Allah ya jiƙan Gwaggo Hajo, ya sanyaya makwancinta, ya zaunar da ita kusa da Mushe a gidan Aljanna. Amin.