Ranar da Iska Ta Riƙa Juya Mana Farfela

Mun tashi daga Bacirawa ana sallame sallar asuba, ni da ƙanwata. Ita matuƙiyar ƙaramin jirgin sama ce a wani kamfani mai ɗaukar hoton gonaki daga sama. Ni kuwa malamin gona ne, na tsufa ina yawo a kan babur tsakanin ƙauyukan arewacin Kano. Sun nemi wanda zai zauna a gefe yana gaya wa mai hoto wace shuka ce a wace gona, sai ta ba da sunana. Ban taɓa hawa jirgi ba, amma ban yarda ta ga alamar haka a fuskata ba.

A hanyar Kurna adaidaitarmu ta yi ta kauce wa manyan motocin hatsi masu nufar Dawanau. Muka tsaya na sayi ƙosai, wanda a zamanin nan ya ƙanƙance har mutum kan haɗa biyu a loma ɗaya. Ta ce in ci kaɗan. Na ji maganarta, kuma daga baya na gode.

Jirgin mai kujera huɗu ne, bai fi ƙaramar mota faɗi ba, da farfela guda a hancinsa. Mai hoto ya zauna a baya da kayansa. Da muka ɗaga, sai tsoro ya sake ni, don abin da na gani ya fi ƙarfin tsoro. Kaka ce, an yanke gero, dawa na tsaye. Babu taku ɗaya na ƙasa da aka bari banza. Gida, gona, kuka, gida, gona, ɗorawa, ga rumbuna a jere kamar an kifa ƙore. Hanyar da kan ci mini rabin yini a babur na ga ta ƙare cikin ƙiftawar ido.

Muna tsakanin Minjibir da Gezawa injin ya yi tari sau biyu. Sai ƙarar nan da ta cika mana kunne tun safe ta faɗi, aka bar mu da shuuu ɗin iska. Na dubi gaba, farfela tana nan tana wulwulawa.

"Ai ga ta tana juyawa," na ce. "Injin bai mutu ba ke nan?"

"Ya mutu, Yaya. Iska ce ke juya ta. Ka ƙara ɗaure bel ɗinka."

Ta faɗa ne kamar mai cewa shayi ya huce. Allurar da ke nuna gudun farfela ta sauko ƙasa sosai, amma ba ta kwanta ba. Na lura in ta ɗan sunkuyar da hancin jirgin sai farfelar ta ƙara wuta, in ta ɗaga shi sai ta lafa. Ta tsayar da jirgin a kan gudu ɗaya ta riƙe, muna sulalowa a hankali. Ta murɗa wannan, ta ja wancan, inji bai amsa ba. Ta sanar da masu kula da jirage inda muke. Mai hoto a baya yana ta salati, ni ma na kama masa.

"Yaya, kai ka san ƙasar nan. Wace gona ce babu komai a cikinta?"

Sai a lokacin na tuna ni ma ina da amfani. Na leƙa. Mai kore-koren nan wake ne, waccan dawa ce ta fi mutum tsayi. Can bayan wasu gidaje na hango doguwar gona mai jan ƙasa, an cire gyaɗa an tara harawa a gefe. Na nuna mata, na ce ta bi tsawon kunyoyin gonar, kada ta ratsa su. Ta ce to, kamar yadda take ce mini tun tana ƙarama.

Muka wuce kan wata bishiyar gawo har na ga tsuntsaye suna watsewa. Tayoyi suka taɓa ƙasa, muka yi tsalle, muka sake taɓawa, ƙura ta turnuƙe. Farfelar ta yi juyi biyu masu nauyi ta tsaya cak. Hancin jirgin ya shiga layin farko na dawar maƙwabci, a nan muka tsaya. Babu wanda ya ji ko ƙwarzane. Ta cire hannunta daga sitiyari. Na miƙa nawa na riƙe shi.

Kafin mu fito, mutanen gari sun iso. Mai dawar, wani dattijo mai furfura, ya zagaya mu sau biyu yana duba ko da jini, sannan ya ce kada wanda ya yi masa maganar kara guda biyar. Aka shimfiɗa mana tabarma a gindin ɗorawa, aka kawo fura mai sanyi da dafaffiyar gyaɗa. Mata suka ja ƙanwata gefe suna taɓa hannun rigarta suna sa mata albarka.

Dattijon ya kasa haƙuri. Ya ce, "'Yata, mun ji ƙara ta ɗauke, amma abin gaban nan yana ta juyawa. Ƙaƙa ke nan?"

Ta ce, "Baba, kamar fankar da aka kashe ce a bakin taga. Gwargwadon gudun jirgi, gwargwadon juyawarta." Ta bayyana masa cewa juyawar nan ba ta ja jirgi gaba, riƙe shi ma take yi, tana rage masa nisan da zai kai. Ana iya tsayar da ita in an rage gudu sosai, amma a kusa da ƙasa wannan ganganci ne. Kuma da mai ya dawo, juyawar ce za ta tayar da injin. Dattijo ya jinjina kai ya ce shi dai jakinsa in ya tsaya, ya tsaya gaba ɗaya.

Da la'asar injiniyoyi suka iso, suka ce datti ne ya toshe hanyar mai. Muka bar su da jirgin, muka biyo motarsu ta Gezawa, da buhun gyaɗar da aka ƙi yarda mu bari. Ramukan hanya ba su taɓa yi mini daɗi irin na ranar ba.

Tafiyar ta koya mini cewa natsuwa ma koyonta ake yi, kuma yarinyar da nake yi wa kallon ƙarama ta daɗe da girma ban lura ba. Mun shiga gida ana kiran magariba. Muna cin abincin dare Inna ta saurari labarin har ƙarshe ba ta katse mu ba, sannan ta dubi ƙanwata.

"Yanzu sai ki sake hawa?"

"Jibi, Inna, in Allah ya kai mu."

Inna ta kwashe naman kwanonta duka ta zuba a na ƙanwata, ta ce, "To ci, ki yi ƙarfi."