Haƙoran Jikata da Na Kai wa Mai Buɗe Wushirya

Ku karkato kunne, 'ya'yana, ba tatsuniya zan yi muku ba. Ban yi boko ba, maƙwabciyata ke rubuta min. A lokacin ina sayar da folere, wato zoɓo, mai sanyi a unguwar New Bell, ina riƙe da jikata 'yar shekara sha huɗu, wadda haƙoranta suka hau kan juna. Ubanta ya kai ta wajen wata likitar haƙori a Bonapriso, aka sa mata wayar jera haƙora. A gabana likitar ta zura wani abu siriri tsakanin haƙoran ƙasa, ta goga kaɗan, ta auna, ta sake gogawa. Ta ce wuri take samar musu su jeru, na sama kuma sai randebu na gaba, wato ranar da ta sa mana mu koma. Na ce a raina, ashe aikin ke nan.

Sai korona ta zo. Aka rufe iyaka uban yana Najeriya, aka yi ta ɗage randebu. Yarinya kullum tana gaban madubi, ina tsokanarta da cewa ƙawata ta fi ni son kwalliya. Akwai wani dattijo a unguwarmu da ke buɗe wa 'yan mata wushirya da magagari. Na ce ai aikin ɗaya ne. Ta ce, “Kaka, dokta ta ce mu jira.” Na ce haƙori kamar farce yake, in an rage zai tofo. Na kai ta wajen dattijon, ni na riƙe mata kai a cinyata. Ina jin ƙarar, ina ganin farin gari a leɓenta, ina ce mata ta daure.

Da muka dawo na ba ta folere, ta kurɓa, sanyin ya ratsa haƙoranta, ta saki kofin tana hawaye. Da likitar ta gani daga baya, sai ta ce ita abin da take ragewa bai wuce kaurin gashi ba, farin ɓawon haƙori kuma in ya tafi ba ya dawowa.

Na gane ganin aiki daban, saninsa daban. Ku tsofaffi irina, in yaro ya ce likita ta ce a jira, ku jira. Dattijon ya rasu bara. Ubanta ya yafe min, amma bai ƙara barin ta a hannuna ba. An yi wa haƙoranta huɗu sutura, tana karatu a Ndogpassi. Ni ina nan da folerena. Duk Juma'a takan zo, nata kofin nake ajiyewa a rana ya huce sanyi.