Ranar da Aka Ɓoye Akun Kaka

Ƙusar da ake rataye kejin aku na fara gani da muka shiga gidan Kaka a unguwar New Bell. Ƙusa kawai a bango, ba keji. An share ɓawon gyaɗar da ke zuba a ƙasa, har an yayyafa ruwa.

Ranar ce Yaya, 'yar kawuna, ta dawo daga arewa bayan ta gama karatun kula da namun daji, muka taso daga unguwarmu ta Yassa yi mata barka. Tana zaune a tabarma da koren kaki da kallabi, manyan takalmanta a bakin ƙofa cikin silifas ɗinmu. Kawu yana tsokanarta, wai duk karatun nan a gadin birai ya ƙare. Ta yi dariya, ta ce abokan karatunta wasu suna ƙirga giwaye ta kashinsu, wasu suna ofis, ita kuma tashar jirgin ruwa aka tura ta, buɗe akwatuna. Aku aka fi kamawa, an cusa su kamar tumatir, rabi sun mutu.

Mama ta raɗa mini cewa tun asuba Kaka ta ɓoye nata a ɗakin ajiya, bayan buhunan gawayi, don ta ji masu koren kaya suna ƙwace aku. Akun ya girme ni. Marigayi Malam, kakana, shi ya kawo shi, kuma muryarsa yake kwaikwayo.

Ina son aikin Yaya. Na daɗe ina zana tsuntsaye a bayan littafina, ban taɓa nuna wa kowa ba. Sai na fara tunanin ko in na yi irin aikinta, ni ma wata rana za a riƙa ɓoye mini abu a gidanmu.

Muna cikin cin tuwo aka yi tari daga ɗakin ajiya, tarin Malam sak, sannan aka ce, "Wa ke nan?"

Hannun Kawu ya tsaya a kwano. Kaka ta hau tari ita ma, amma nata bai yi kama ba. Yaya ta haɗiye lomarta ta ce, "Allah ya jiƙan Malam." Aka amsa da amin, ba wanda ya ɗaga kai.

Da aka gama ci na bi Yaya bakin famfo, da ƙyar na tambaye ta ko za ta tafi da akun. Ta ce doka ta hana ajiye shi, amma in aka sake shi a daji ba zai kwana biyu ba, bai taɓa neman abinci da kansa ba. Na ce to yaya za a yi? Ta daɗe tana cuɗa hannu, ta ce wannan ba a koya musu ba.

Ban gane ko e ta ce ko a'a ba. Na dai san har yanzu yana cikin duhu.

"Yaya," na ce, "don Allah ke ki gaya wa Kaka ta fito da shi ya sha ruwa. In ni ce ba za ta yarda ba."